Ranar da na fara ba roba ruwa

Har gobe ban manta da ranar da na ga 'yan takalma a jere a bakin filin gaba, masu su kuwa suna tsalle suna kuka ba. Wata Laraba ce a ƙarshen watan Maris, bazara ta kankama. Lokacin ina shekara ta goma sha ɗaya da kama aikin lambu a wata makarantar kuɗi da ke Gyaɗi-Gyaɗi.

Bari in fara da yadda tsarin wurin yake, don ku sababbi a aikin lambu ku gane. Hajiya ce mai makaranta. Ƙarƙashinta akwai shugabar malamai, Madam Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, mace mai gaskiya da tsare doka. Daga nan sai malamai, sai mu na ƙasa: masu gadi, masu shara, da ni mai lambu. In kana da magana, wurin Madam za ka kai, ita ta kai wa Hajiya. Ba a tsallake.

Filaye biyu ne a hannuna, na gaba da na baya, duka ciyawar kirikiri ce a kansu. Ni na kawo irin daga Hotoro a buhu, na dasa da hannuna. Kullum kafin yara su zo sai in ja tiyo in ba filayen ruwa, ranar Asabar in yi aski, bayan damina in zuba taki. Matata har tsokanata take yi, wai na fi sanin ƙishirwar ciyawa a kan tata.

To, sai Hajiya ta je biki a wani ɗakin taro a Tarauni, ta ga ciyawar roba shar da ita, ba ruwa ba taki. Ta dawo da shawarar a shimfiɗa a filin gaba lokacin hutun Disamba, na baya kuma a dogon hutu. Madam ce ta kira ni ofis ta faɗa mini, ba ta ɓoye komai ba.

"Malam Sabo, in an gama da na baya, ban san aikin da zai rage maka ba. Amma zan yi magana."

Na yi godiya na fito. Gaskiya raina ya ɓaci ƙwarai, don a shekaruna ba na jin akwai mai ɗaukata sabon aiki.

Masu aikin suka zo. Suka kankare ciyawata a yini guda, suka zuba tsakuwa da yashi, suka daddaɓe, suka warware robar kamar tabarma, suka haɗa bakunan da gam. Na tambayi babbansu yadda take yi da rana. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Baba, kai dai tsoron aikinka kake ji." Ban musa ba, don rabin maganarsa gaskiya ce. Na dai gaya wa Madam damuwata game da zafin rana, ta ce ta isar, amsa ba ta dawo ba.

Da sanyi kam abin gwanin sha'awa, ni ma na yarda. Iyaye suna tsayawa ɗaukar hoto. Amma ni da nake sharewa na san kallon kitse ake yi wa rogo. Ganyen darbejiya in ya faɗo ba ya ruɓewa, sai an tsince. Kunu in ya zube, kwana uku yana tsami. Yaro in ya faɗi, gwiwa ta ɗaye.

Ga kuma abin da babu wanda ya lissafa da shi. Yaranmu tun a gida an hore su, ba a taka shimfiɗa da takalmi. Ranar farko da suka ga koren abin nan, da kansu suka tuttuɓe a baki. Hajiya ta ji daɗi, ta ce a bar su haka, ya zama doka, ai ya fi tsafta.

Ranar Larabar nan an ɗaga gwajin fareti na 'yan nazare daga safe zuwa ƙarfe ɗaya, saboda jarrabawa. Ina can ina gyaran famfo na ji hayaniya. Yaran sun tuɓe takalma yadda suka saba, sun shiga tsakiya, suna ɗaga wannan ƙafa suna sauke waccan. Malamarsu, da takalminta a ƙafa, ta ɗauka wasa ne, tana ta cewa su tsaya cak. Na sunkuya na ɗora tafin hannuna a kan robar. Ban iya ƙirga uku ba na janye.

Ban nemi izinin kowa ba. Na ce da malamar ta kwashe su zuwa baya, na saki tiyo a kan filin, har wani tururi mai warin roba yana tashi. Wata yarinya, Ummi, 'yar shekara huɗu, ta kasa gudu, sai ɗauko ta na yi. Tafin ƙafarta ya yi ja, ɗaya har ya tashi. Madam ta sa mata ƙafar a ruwan sanyi, sannan ta buga wa Hajiya waya.

Hajiya ta iso ranta a haɗe. Abin da ta fara gani shi ne ruwa kwance a kan sabuwar shimfiɗarta.

"Malam Sabo, wa ya ce ka jiƙa mini ita?"

"Hajiya, a yi haƙuri, ba wanda ya ce."

Ta nufi gefen da ruwan bai kai ba don ta duba. Da ta zo baki, ba tare da ta yi tunani ba, ta zare takalmanta kamar kowa. Taku biyu ta yi ta ce, "Subhanallahi!" ta dawo da baya da sauri. Ni dai na kafa ido a ƙasa, don dariya a nan ba tawa ba ce.

Ba ta mai da takalman ba. Haka ta taka ta cikin inuwar baranda har filin baya, inda yaran suke zaune a kan kirikiri ana ba su ruwa. Ta tsaya a kai ta daɗe. Rana ɗaya ce ke dukan filayen biyu, amma wannan da sanyinsa. Ta ɗauki Ummi ta duba ƙafar, sannan ta juyo.

"Madam, na bayan nan a bar shi. Malam Sabo, ka yafe ni."

Na ce babu komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Robar gaban ba a cire ta ba, tunda aikin gama ya gama. Aka hana hawanta daga sha ɗaya zuwa la'asar in ana zafi, aka kuma ƙara mini aiki: duk ranar da za a yi taro a kanta, in jiƙa ta tukuna.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu ido ba ya yanke hukunci. Kafin ku ce fili ya yi, ku tuɓe takalmi ku taka shi da azahar, don masu hawansa ƙafarsu ba ta kai taku kauri ba. Manya kuma ba ƙin gaskiya suke yi ba, wani lokaci sai ta taɓa fatarsu suke jin ta. An kawo roba don a huta da ban ruwa, ga shi yau shekara uku ke nan filaye biyu nake ba ruwa: ɗaya ya sha ya yi tsiro, ɗaya ya sha don kada ya ƙona 'ya'yan mutane.