Ranar da Kawu ya faɗi yadda aka yashe walet ɗinsa

Shekarun baya, lokacin da na fara koya wa mutane harkar kirifto, wato kuɗin intanet, a wani ɗan shago a Gusau, kawuna ya zo daga Bungudu takanas. Ɗan kasuwar hatsi ne, ɗansa kuma yana karatu a ƙasar waje, ya ji an ce ta wannan hanya saƙon kuɗi ya fi saurin isa. Ni kuwa a lokacin ji nake babu wanda ya kai ni sani, alhali rabin ilimin a bidiyo na tsinto shi.

Na buɗe masa walet, wato asusun ajiyar kirifto, a wayarsa. Da aka zo wurin kalmomin sirri, sai na miƙa masa wayar na juya baya. Na ce, "Kawu, waɗannan kalmomi su ne mabuɗin dukiyarka. Kai kaɗai za ka gan su."

Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Kai ɗan ƙanwata ne. Mi zan ɓoye maka?" Na ba shi haƙuri, amma na ƙi juyowa. Ya tafi ko sallamar kirki bai yi mini ba.

Bayan wasu watanni aka wayi gari walet ɗin babu komai. Duk abin da ya tara na makarantar yaron ya tafi. Nan da nan magana ta zaga dangi: wa ya buɗe masa? Ni. Ba wanda ya tare ni da zancen, amma na ga gaisuwa ta canja. Mahaifiyata ta daina zuwa Bungudu. Wata rana ta tambaye ni, muryarta ƙasa-ƙasa, "Ka tabbata babu hannunka?" Wannan tambaya ta fi komai yi mini ciwo.

Ana haka aka yi sunan jikar Kawu a Tsafe. Na je ne don kada a ce na gudu. Bayan an shafa fatiha, maza na zaune a ƙofar gida, sai Kawu ya yi gyaran murya.

Ya nuna ni ya ce, "Ku saurara. Yaron ga bai taɓa ganin kalmomin nan ba. Ni na ba da su da bakina. Wani ya kira ni, shina ta Alhaji, Alhaji, ya ce daga kamfanin walet yake, za a rufe mini asusu in ban karanto mai ba. Na karanto mai su ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta hana ni faɗi."

Na kasa ɗaga kai, sai kallon tabarma nake.

Kuɗin ba su dawo ba. Kawu ya sayar da shanu biyu, ɗansa ya ƙarasa karatunsa.

Har yau ina gaya wa masu koyo cewa babu kamfanin gaskiya da zai nemi kalmominka, komai ladabin mai kiran. Amma idan na tuna lamarin, ba asarar ce ke fara zuwa mini ba. Dattijo nake gani, mai furfura, a gaban surukansa da ’ya’yansa, ya zaɓi a yi masa kallon wanda aka yaudara don kada a ci gaba da yi mini kallon ɓarawo. Allah Ya saka masa da alheri.