Mai Ɗingishin Baffa

Ranar Juma'a na kai yaran kafilina, wato maigidan da nake wa aiki a Riyad, gidan zoo na unguwar Malaz. Suna ta ihu gaban barewa, ni kuwa idona ya tsaya kan wani tsohon namijin barewa mai ɗingishi, ya ware gefe shi kaɗai. Sai na ji warin tabar Baffa, ƙanen mahaifina.

Baffa maharbi ne. Da an gama girbi, kafin a fara farauta, yakan shiga daji duba namun da za a harba, amma ya bar kwari da baka a gida. "Hannu in yana riƙe da baka, ido ba ya ganin gaskiya," in ji shi.

Wata safiya muka laɓe a bakin tafki, raɓa ta jiƙe mana wando. Wani ƙosasshen namijin barewa ya sauko shan ruwa, ƙahonsa kamar a zana. Na taɓa Baffa. Ya girgiza kai, ya nuna wani tsohon namiji mai ɗingishi a bayansa.

"Wancan ne namu. Ba zai kai damina ba. Ƙaton kuwa a bar shi ya bar iri."

Ranar da zan taho Riyad na ga tarin da Baffa ke fama da shi ya tsananta, na ce zan fasa. Ya yi dariya.

"Tafi, ɗana. Kai ne ƙaton, ni ne mai ɗingishin."

Bai kai damina ba. Kafili bai ba ni hutu ba, ko ƙasar kabarinsa ban taɓa ba.

Allah Ya haskaka makwancinka, Baffa. Allah Ya sa irin da ka bari ya yi albarka.