Muryata a Tallar Ruwan Haidirojin

Har gobe ban manta da wata Talata da wani mai sauraro daga Maraɗi ya kira shirinmu na lafiya, ya yi mini tambayar da ta jefa ni tsaka mai wuya ba. A lokacin ina babban mai gabatarwa a Sashen Hausa, nan Washington. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ga yadda abin ya faro.

Maiɗakina, Hajiya Rabi, ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa. Gidanmu na Woodbridge mai bene ne, hawa da sauka ya zame mata azaba. Wata Juma'a bayan an idar da salla, wani ɗan kasuwa da muke masallaci ɗaya, Alhaji Bashari, ya riƙe hannuna ya ce ya samo mana mafita. Wai na'ura ce da ake haɗawa da famfon kicin, tana zuba iskar haidirojin a ruwa, ruwan kuma yana wanke ciwo daga jiki. Ya zo har gida ya gwada mana, muka ga ƙananan kumfa suna tashi a kofi. Hajiya ta dube ni, na dube ta. Wanda ya ga matarsa tana hawa bene da rarrafe ba ya dogon ciniki. Na sa hannu a kan kusan dala dubu huɗu, biya wata-wata.

Da aka kafa na'urar, Alhaji ya turo saƙon murya yana tambayar jikin Hajiya. Na mayar masa da amsa irin tamu: "Alhaji, na'ura ta iso, mun gode. Jikin Hajiya da sauƙi, Alhamdulillahi. Amma gwiwar tana nan yadda take, sai dai mu ci gaba da addu'a."

Ba a jima ba na'urar ta fara yoyo, ta jiƙa mana katakon ƙarƙashin wurin wanke-wanke har ya kumbura. Sai jar fitilarta ta kama, wai a sauya abin tace ruwan da ke ciki, shi kuma sai a wurinsu ake samu, da tsadar tsiya. Na kira kamfanin, suka yi ta jefa ni daga wannan zuwa wancan. Ƙarshe wata ta ce garantin bai shafi lalacewar da ruwan unguwarmu ya jawo ba. Na ce, "To da wane ruwa kuke so in yi amfani, na Zamzam?" Ta ce ba ta gane ba. Na kashe waya. Gwiwar Hajiya kuwa ko gezau. Na haɗiye takaicina, na ɗauka asara ce ta cikin gida, ta tsaya nan.

Yadda muke shirin lafiya shi ne, furodusa yana amsa kira a ɗaya ɓangaren gilashi, ya ji tambayar mutum, in ta dace ya sako shi kai tsaye. Ran nan aka rubuto mini cewa wani Habu daga Maraɗi yana da tambaya a kan ciwon sukari. Na yi masa maraba.

Ya ce, "Malam Sabi'u, ni godiya na kira in yi. Na ji shaidar da ka bayar a kan injin ruwan nan da ya warkar da iyalinka. Na sayar da babur ɗina na kabu-kabu na ba wakilinsu kafin alƙalami. Tsohona ma ya aje ƙwayoyin likita, muna jiran inji. Shin kofi nawa zai riƙa sha?"

Na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi. Furodusa ya zaro ido ta cikin gilashi. Na ce, "Malam Habu, ban taɓa ba da wata shaida ba. Don girman Allah, ka mayar da tsoho kan maganinsa yau ɗin nan, ka kai shi likita. Kada ka kashe waya, za a karɓi lambarka."

Ina fitowa daga situdiyo editanmu, Malam Isufu, mutumin Damagaram, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Bismilla ofis." Habu ya riga ya turo tallar. Malam Isufu ya kunna. Aka fara da kiɗa, sai wani ya ce, "Ku ji daga bakin fitaccen ɗan jaridarku na Amurka." Sai ga muryata tar: "Na'ura ta iso, mun gode. Jikin Hajiya da sauƙi, Alhamdulillahi." An datse daidai kan "amma". Bayan nan aka jero sukari, hawan jini, ciwon ƙoda, har da rashin haihuwa, duk wai ruwan na maganinsu.

Ƙa'idar aikinmu a fili take: ma'aikaci ba ya tallar kayan kowa, ko da kuɗi ko kyauta. In an yi zargi, ana sauke mutum daga iska har sai an gama bincike. Malam Isufu ya ce, "Sabi'u, na san halinka, amma doka ba ta san hali ba. Daga gobe kana teburin fassara." Na buɗe wayata na kunna masa saƙon na asali. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce, "Tura mini. Amma sai na sama sun gani."

Daga ofis ban nufi gida ba, Alexandria na wuce, nan kusa da Washington, shagon Alhaji Bashari. Ya tarbe ni da fara'a, har yana cewa a kawo shayi. Na ce, "Alhaji, wa ya ba ka izinin sa muryata a talla?"

Ya ce, "Haba Malam, ai taimakon juna ne. Kuma ban ƙara ko harafi ba. Kai da bakinka ka ce da sauƙi."

Na ce, "Kai Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba? Mutum na gargarar mutuwa ma in an tambaya cewa ake da sauƙi! Ina 'amma' ɗin da na faɗa?"

Ya ce, "Talla ba ta son tsawo."

Wallahi da ba don furfurarsa ba, ban san abin da zan yi ba. Na faɗa masa akwai dattijo a Maraɗi da ya bar maganinsa saboda wannan yankan. Ya kawar da kai ya ce shi bai ce kowa ya bar magani ba, wakilai ne da zaƙewa.

Binciken ya wanke ni. Lauyoyin gidan rediyonmu suka rubuta wa Alhaji Bashari, ya janye tallar, amma abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane wa zai kamo shi? Ranar da na koma iska na fara da bayanin abin da ya faru, na kunna tallar da saƙon na asali a jere. Muka gayyato likita ta ce kada wanda ya bar maganinsa saboda wani ruwa, kowane iri ne. Na kira Habu da kaina. Tsohon ya kwanta asibiti, amma Allah ya tashi kafaɗarsa. Wakilin kuwa ya rufe waya, babur ya tafi ke nan. Habu bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Malam, da wani ne ya faɗa da ban yarda ba." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya ke nan. Mai sauraronmu ba ya ganin takardar shaidarmu, bai san ofishinmu ba, murya kawai ya sani, kuma a kanta zai iya sayar da abin da yake ci da iyalinsa. Akwai kuma masu sallar sahun gaba da suka san darajar wannan yarda fiye da mu, suna jiran mu sake su yanka su sayar. Saboda haka duk wanda ya zauna gaban makirufo a gidan nan ya sani, muryarsa ta daina zama tasa shi kaɗai. Amanar mutane ce, ko a situdiyo ko a wayar aljihu.