Ajinmu Ɗaya da Shugabata

Na daɗe a kan kujera ɗaya a ofishinmu na Kurfi, har ta ɗauki siffar zamana. Duk sanda aka yi ƙarin girma sai in taya wasu murna, in ci cincin ɗinsu, in koma in ci gaba da buga takardu. Maigidana ne ya fara gajiya da ƙorafina. Ya ce ya ji jami'a a Dutsin-Ma ta buɗe karatun digiri na biyu na ranakun Asabar da Lahadi, wanda ya haɗa nazarin data da tsara manufofin gwamnati, in je in gwada.

Da na gaya wa Inna, mahaifiyata, sai ta ce, "Data kuma? Wannan da ake sa wa waya? Ai ɗan maƙwabta na sayarwa, kuma ko sakandare bai gama ba."

Na yi ta bayani cewa bayanai ne ake tattarawa a tace, a gano abin da suke nunawa. Ta ce Allah ya ba da sa'a. Washegari ƙawarta ta aiko mini da wayarta in loda mata.

Mutum ɗaya na ɓoye wa zancen, wato Hajiya, shugabar sashenmu. Mace ce doguwa mai tabarau, wadda in ta shigo ofis kowa ke gyara zama. Ina tsoron ta ce karatu zai hana ni aiki. Ranar farko na shiga aji na laɓe can baya, ina cikin fito da littafi sai na ji ƙamshin turaren da na sani. Na ɗago, muka haɗa ido.

"Ke! Mi kike yi nan?"

"Abin da ya kawo ki, Hajiya."

Ta dube ni ta saman tabarau, sannan ta ture jakata ta zauna kusa da ni. "To, kada in ji maganar nan a ofis," in ji ta. Ashe ita ma ɓoyewa take yi, wai kada a ce da girmanta ta koma 'yar makaranta.

Daga nan na daina shiga motar haya. Kowace Asabar da safe sai ta tsaya a ƙofar gidanmu ta danna hon. Tuƙinta kuwa na natsuwa ne ƙwarai. Akwai ranar da mai babur ɗauke da awaki biyu ya wuce mu, ya waiwayo yana tambaya ko motar ce ta lalace.

A ɗakin kwamfuta ni ce gwana. Hajiya da yatsa ɗaya take bugawa, kuma da ƙarfi, kamar tana ƙwanƙwasa ƙofa. In abu ya ɓace mata a allo sai ta ɗaga hannuwa sama ta ce, "Wallahi ban taɓa komai ba, ƙanwata, shi ya tafi da kansa." A ofis ban taɓa jin ta kira ni ƙanwarta ba. Ran Litinin kuma sai ta koma shugaba, ta dawo mini da takarda saboda waƙafi ɗaya.

A ajin manufofi ne abin ke juyawa. Nan bakina ke mutuwa, ita kuwa ta baje. Malaminmu matashi ne mai fara'a, yana jin daɗin gardama da ita, har wani lokaci ya jingina da tebur ya bar ta ta ƙarasa laccar.

Da aka ce kowa ya nemi abokin aikin bincike, ba mu ma yi shawara ba. Muka zaɓi rijiyoyin burtsatse na ƙauyukan Ɗantutture: waɗanne ke aiki, waɗanne suka tsaya. Muka yi ta zagaye, ni ina amfani da waya wajen adana wurin kowace rijiya, ita tana zaune a kan tabarma cikin mata tana shan fura tana jan su da hira. Ni a ganina lokacin hutawa kawai take yi.

Na haɗa taswira mai kyau, ɗigo kore ga mai aiki, ja ga wadda ta tsaya. Na kai mata ina jin kaina. Ta duba ta ce, "Ta yi kyau. To sai a yi mi?"

"Hajiya, ai ga shi kowa na gani."

"Na gani. In kin kai wa shugaban ƙaramar hukuma, zai ce masha Allahu, ya rataya a bango. Mi kike so ya yi ran Litinin?"

Na sake duban taswirar. Sai ta ce in ƙara abu ɗaya cikin lissafin, wanda ta tsinto a hirar tabarma: wa ke kula da kowace rijiya. Na ƙara ina ƙunƙuni. Da sakamakon ya fito sai da na tashi tsaye. Kusan duk inda mata suka haɗa kansu suna kula da famfo, ɗigon kore ne. Na kira ta a waya ina ihu, ta ce in yi a hankali tana tsakiyar kasuwa.

Ranar gabatarwa a gaban shugaban ƙaramar hukuma, na ɗauka ita za ta yi magana. Muna shiga ta ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan ce ta yi aikin, ita za ta yi bayani." Na miƙe na buɗe taswirar. Na fara da in'ina, amma da na zo kan abin da muke so a yi, wato a kafa irin wannan ƙungiya a kowane ƙauye a kuma koya musu ƙananan gyare-gyare, sai muryata ta daidaita. Ya yi tambayoyi, na amsa. Ya ce a gwada a ƙauyuka kaɗan tukuna.

Ƙarin girman bai zo da wuri ba, sai da muka kammala karatun da 'yan watanni. Aka ba ni ƙaramin sashe na tsare-tsare, da ofis mai taga. Wannan karon ni na soya cincin.

Asabar ɗin da ta biyo baya Hajiya ta ɗauke ni muka tafi madatsar ruwa ta Zobe cin kifi. Muka zauna a inuwa muna kallon masunta na jan koma, iska na kaɗa mayafanmu. Ta cire ƙaya a natse, ta ce, "Kin ji an ce za su fara digiri na uku?"

"Hajiya, saura kaɗan fa ki yi ritaya."

"Shi ya sa. Zan samu lokaci." Ta miƙo mini barkono. "Ki gaya wa maigidanki tun yanzu."