Lurline Mai Tankar Fetur

Lurline Pitre ba ta taɓa mafarkin tuƙa babbar mota ba. 'Yar masunci ce, an haife ta a wani ƙauye na kudancin jihar Louisiana ta Amurka, can inda ƙasa ke ƙarewa fadama ta karɓa. Ta tashi tana ɓare jatan lande a bayan gida tare da yayanta Clovis, shi yana tsokana ita tana ramawa. Da ta girma ta auri Numa Pitre, direban tankar mai, mutum mai sanyin hali, suka haifi 'ya'ya mata biyu.

Ta haura shekara arba'in lokacin da ciwon baya ya kwantar da Numa, likita ya hana shi zaman mota. Lurline ta dubi gida, ta dubi yara, ta je ta koyi tuƙi ta karɓi lasisi. Ranar da ta fara shigowa ƙauye da tanka, Clovis ya fito daga ɗan gidan mansa mai famfo biyu yana riƙe da ciki don dariya.

"Jama'a ku kwashe kajinku daga titi! Ga wadda ta kasa keke ta hau giwa."

"Matsa, Clovis, kafin in fara koyon birki a kanka."

Haka ta shiga aikin, ta kuma daɗe a cikinsa. Takan yi lodi a defo kusa da matatun mai na bakin kogi, ta bi gidajen mai tana saukewa, ta dawo gida kayanta na warin fetur. Numa ya koma shi ne mai girki, bai kuwa taɓa jin kunyar hakan ba.

Lokacin guguwa shi ne wahalar shekara. Da an ce wata ta taso daga teku, sai a kwashe ma'aikatan rijiyoyin mai na cikin ruwa, matatu su kashe injinansu, jiragen dakon mai su tsaya nesa. Mai ya ragu ke nan daidai lokacin da kowa ke son cika tanki ya gudu arewa. Farashi kan ɗaga tun iska ba ta kaɗa ganye ba, mutane kuwa ba su ganin matata, Lurline suke gani.

"Tanti Lurline, ke da ke ɗauko shi, me ya hau kansa haka?" wani saurayi ya tambaye ta wata rana.

"Ni jaka ce, ɗana, kaya aka ɗora min. Ka taɓa jin an tambayi jaki kuɗin kayan da ke bayansa?"

Ba ta fushi. Ta san tsoro ne ke magana a bakinsu.

Akwai wata shekara da guguwa ta faɗo kan yankin kai tsaye. Lurline ta yi ta jigila har aka rufe defo, sannan ta bi Numa da yaran zuwa gidan 'yar'uwarsa a arewa. Clovis ya ƙi tafiya. Ya ce zai zauna ya kula da gidan mai da kuma tsohon jirgin kamun jatan landensa, wanda ya yi shekaru bai shiga teku ba amma ya ƙi sayarwa. Ya ce ya ɗaure shi da irin ƙullin da babu iskar da za ta kwance.

Da iska ta lafa, ba wutar lantarki ko'ina. Matatu sun sha ruwa, defon da ta saba lodi shiru kamar maƙabarta. Kamfani ya tura direbobi can wata jiha, tafiya mai nisa, inda Lurline ta tarar da tankoki sun yi layi har ido ba ya ganin ƙarshensu. Ta jira da haƙuri tana cin biredi da kifin gwangwani. Da layi ya zo kanta aka cika mata fetur da dizal, kowanne a ɗakinsa na cikin tankar. Mai rabon aiki ya so tura ta birni, ta roƙe shi ya ba ta ƙauyensu.

"Hanyar can ba ta buɗe sosai ba," in ji shi.

"Shi ya sa ba wanda zai ce a ba shi. Ni na san inda take nutsewa."

Ta kama hanya da safe, a hankali, tana kauce wa turakun wuta da suka kwanta. Rufin gidaje ya watsu cikin gonakin rake. A wani wuri ta ga kada kwance bakin kwalta yana shan hantsi abinsa. Ta kusa ƙauye sai ta taka birki. Titin shiga garin ɗaya ne tal, ga kuma jirgin ruwa kwance a gicciye a kansa, ya tare shi kaf. Maza sun kewaye shi suna ta shawara, Clovis na tsakiyarsu ya cire hula yana sosa ƙeya.

Lurline ta sauko, ta zagaya jirgin, ta karanta sunan da ke jikinsa. Sunan mahaifiyarsu ne.

"Yaya Clovis, ina ƙullin?"

"Ƙullin na nan daram! Je ki duba. Turken ne ya tuge."

Lallai kuwa igiyar na nan ɗaure tamau, da guntun turke yana lilo a bakinta. Mutanen da suka yi kwanaki ba su yi dariya ba suka tuntsire, har Clovis ɗin kansa.

Akwai tarakta a kusa da za ta iya jan jirgin, sai dai ba ɗigon dizal a cikinta. Wani ya nuna tankar ya ce ai ga mai nan kamar kogi. Lurline ta girgiza kai. Kayan da ke baya a rufe suke da hatimi, ba a buɗe su sai a bakin rijiyar gidan mai, ba kuma za ta ɓalle fetur a tsakiyar titi mutane na tsaye da taba a baki ba. Sai ta ce a kawo tiyo da jarka. Ta buɗe tankin da motarta ke sha, ta zuƙo, ta tofar da na bakinta, jarka ta cika. Aka ɗura wa tarakta, ta yi tari ta tashi, aka ja jirgin gefe yana kukan katako. Clovis ya juya baya don kada ya gani.

A gidan mai ma sai da aka sake zuƙo wa injin wuta kafin famfo ya motsa. Kafin ta gama saukewa layi ya miƙe, wasu da mota, wasu da jarkoki a baro. Clovis ya ce kowa kaɗan zai samu don ya zagaya. Aka ɗan yi gunaguni, sai ga tsohuwa Zulma ta iso da jarka ɗaya, mijinta na gida yana numfashi da na'ura, injin wutarsu kuma ya kusa mutuwa. Layin ya buɗe mata da kansa.

Firij ɗin kowa ya mutu, naman ciki na neman lalacewa, don haka matan ƙauye suka kafa manyan tukwane a harabar gidan man can nesa da famfo. Aka zuba kaji da ƙaguwa da jatan lande cikin miyar kuɓewa, aka dafa shinkafa. Lurline ta zauna kan matakalar motarta da kwano a cinya. Wani da ya saba yi mata ƙorafin farashi ya zo ya ƙara mata miya, ya ce mai ya yi tsada wannan karon ma. Ta ce ta sani. Ya ƙara mata ƙaguwa ɗaya ya tafi.

Ta yi makonni tana wannan doguwar hanya kafin matatu su farfaɗo ɗaya bayan ɗaya, layi ya gajarce, farashi ya sauko a hankali yadda ya saba, ba da saurin da ya hau ba.

Ta ci gaba da tuƙi har gwiwoyinta suka fara ƙin hawa motar. Lokacin yaran sun gama karatu, babbar tana aikin jinya, ƙaramar tana koyarwa. Ruwa ya yi ta cin ƙasar ƙauyen, mutane suka yi ta komawa tudu, Clovis ya rufe gidan mai ya bi su. Lurline da Numa ma suka sayi ɗan gida a arewa kaɗan, da fili a baya. Ta shuka tumatir da barkono, sai dai ƙasar wurin ba irin wadda ta sani ba ce, shekarar farko ko ɗaya bai yi ba. Clovis kan zo cin abinci ranar Lahadi bayan coci, ya tsaya kan shukar yana ba ta shawarwarin da ba ta tambaya ba. A shekara ta biyu barkonon ya yi, ya ce shawararsa ce.