Zan Ɗan Yi Kat

Da kalma ɗaya ɗan wan babana ya dawo mana daga Kano, a shekarun ostariti, lokacin da sabulu ma sai an yi masa layi. Masaƙar da yake aiki ta rage ma'aikata, amma shi ba ya cewa an kore shi, sai ya ce, "An yi kat ɗinmu." Turanci ne, wai yankewa. To fa, daga nan komai kat. In ya zauna gaban wanzami, a ɗan yi masa kat. In ya ratsa gonar mutane zuwa kasuwar Tsanyawa, shotkat ya bi. Ka fara magana ya katse ka, wai ya yi kat ɗinka. Sakarai, har wani ɗaga kafaɗa yake in ya faɗa.

Akwai ɗorawa a gonarsa, amma ba tasa ba ce. Da aka raba gadon kakanmu bayan rasuwar babana, ƙasar ta faɗa ɓangarensu, bishiyar kuma aka bar wa Inna, mahaifiyata. A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne, gona ta wani, itace na wani. Ɗorawar nan ita ta riƙe mu. Kalwarta Inna ke dafawa ta yi daddawar sayarwa, garinta muke damawa mu sha ranar da babu tuwo.

Wata safiya ya zo ya durƙusa, ina zaune ina gyara ƙotar fartanya.

"Inna, ɗorawar nan inuwarta tana kashe min gero, ga kauci ya cinye ta. Zan ɗan yi kat."

Inna ta ce, "Kat ɗin aski?"

Ya yi dariya. "Kat dai, Inna."

"To Allah ya yi albarka, a rage mata."

Washegari na tafi cin rani birni. Da na dawo gab da damina, tun daga bakin hanya na ga sama fayau a inda ɗorawa take. Kututture kawai ya rage. Ashe masu motar itace ya kira daga Kano, suka kwantar da ita suka faskare.

Na kai ƙara gaban mai unguwa. Ɗan wan baban nawa ya gyara zama ya ce shi fa ya nemi izini, kuma kat a Turanci har sarewa ta ƙunsa, a tambayi malamin firamare. Aka tambaya, malam ya ce haka ne. Dattawa suka ce a yi haƙuri, zumunci ya fi itace. Inna ta yi haƙuri. Ni ban yi ba.

Daga nan ta koma surfe da daka a gidajen mutane, har hannunta ya yi kanta kamar ƙafar raƙumi. Shi kuwa ya tone kututturen ya dasa mangwaro mai aure a gurbin, yana ba shi ruwa da tulu, yana kewaye shi da ƙaya. Ya girma ya yi kyau, 'yan sari har daga Ɗambatta suke zuwa. Duk wucewar da zan yi sai na kalle shi.

Ranar da Inna ta rasu, masu haƙa suka aiko a kawo itacen rufe kabari. Itace kuwa ya yi wuya a ƙasarmu, kowa ya sani. Mai mangwaron yana zaune a ƙofar gida cikin jama'a, yana jan carbi. Na ɗauki gatari na tsaya a gabansa.

"Yaya, babu itacen kabari. Mangwaronka zan ɗan yi wa kat."

Wa zai hana gawa itace a gaban mutane? Ya ce, "Haba, je ka mana."

Rassa ya zata. Ni kuwa gindi na nufa. Ga shi ya yi huda fal, yana ƙamshi, ban ji komai ba. Na sara, na sara, ina kuka ina sara, har ya tafi rib da ƙasa.

A maƙabarta ya gane, da ya ga kaurin gumagumen da ake jerawa. Ya matso kusa da ni.

"Me ka yi wa mangwarona?"

Na ce, "Kat dai, Yaya."

Ya buɗe baki, liman ya ɗaga hannu aka fara addu'a, dole ya shafa tare da mu. Har ya mutu bai ƙara faɗar kalmar nan a gabana ba. Inna kuwa tana can kwance a ƙarƙashin mangwaronsa.