Harsashin da Nicanor Ya Ɗura da Kansa

A yankinmu na La Pampa, duk mai farautar aladen daji wurin Doña Herminia Quiroga yake kai kwanson harsashi ta sake ɗura masa. A hannun babanta ta koyi aikin, ga shi har ta yi furfura ba ta taɓa harbin ko tsuntsu ba. Abin da ba ta wasa da shi wuyan kwanso ne. Ta ce dole a bar masa sarari a cikin bindiga, ko da kaurin silin gashi, don ya buɗe ya saki dalma. In ya matse, ƙarfin albarushi fuskar maharbi zai komo.

Ƙanenta Nicanor ya ƙosa da jiran layi. Ya samo tsofaffin kwanson soja masu kauri, ya ɗura da kansa.

Ran Lahadi da hantsi muna shan shayin ganyen mate a shagonta, sai ga matar Nicanor da kwanson da ya harba jiya, wai Yaya ta ga gwaninta. Herminia ta gwada dalma a bakinsa. Dalmar ta ƙi shiga, alamar wuyan bai samu sararin buɗewa ba.

"Yana ina?"

"Bakin tafki. Aladu sun cinye mana 'yan raguna."

Ta dube ni. "Fermín, ta da motarka."

Hanyar duk yashi ce, ga shingaye uku da sai an sauka an buɗe ƙofa. Ina tuƙi ina kasa kunne, ina fargabar kada in ji ƙarar harbi. Muka hango shi kwance a gindin bishiya, kumatu manne da bindiga.

"Nicanor! Ɗauke yatsanka!"

Aladu suka watse. Ya miƙe a fusace.

"Haba Yaya! Jiya na harba, lafiya lau."

"Sakatar bindigar ta buɗe da sauƙi bayan harbin?"

Ya sosa ƙeya. "Sai da na ɗan buga ta da itace."

"Sannu gwani. Jiya da sanyi, yau dubi ranar nan; zafi ƙara wa albarushi ƙarfi yake."

Ta ɗaure bindigar a jikin tsohuwar taya, ta sa wa kunamarta doguwar igiya, muka laɓe bayan mota. Ta ja. Ƙarar ta toshe mini kunne. Ƙotar ta tsage daidai inda kumatunsa yake ɗazu.

Nicanor ya zauna a ƙasa. Herminia ta juye sauran harsasan cikin jakarta, sannan ta koma mota ta rufe fuska da hannu biyu.

Washegari ya zo shago da ƙafar rago. Ta karɓi naman, ta tura masa kujera da ma'auni. Kwanso arba'in ya kankare wa wuya a ranar. Guda tara kawai ta amince da su.